Ƙafar Magaji Ta Kai Mu Maraɗi

Tun da muka dawo ban samu na auna wake cikin natsuwa ba. Duk wanda ya zo rumfata sai ya tsuguna: "Alhaji Garba, yaya Maraɗi? Yaya ƙafar yaron? Wai da gaske ƙarfe suka sa mashi?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma kullum rabi nake bayarwa, rabin da ya shafi mota da abinci. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya, har da rabin da ba na faɗi a kasuwa.

Ga wanda bai san ni ba, hatsi nake saye da sayarwa a Sabon Birni: gero, wake, riɗi. Da dako na fara, ba wanda ya ba ni jari. Ina da wa guda, Mamman, manomi ne a Tozai, kuma ɗana na fari yana hannunsa. Da aka yaye yaron, mahaifiyarmu, Allah ya jiƙan ta, ta goya shi ta kai wa Mamman, don a lokacin Allah bai ba shi haihuwa ba. Dama a wurinmu ɗan fari ba na ubansa ba ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa, ba ka wasa da shi a gaban mutane. Ban yi gardama ba, hankalina yana kan buhuna. Sunan mahaifinmu aka sa masa, ana ce masa Magaji. Mamman yake kira Baba. Ni kuwa Baban Birni.

Bayan girbin bara na je Tozai gaisuwar mutuwa, na hango yaron yana tahowa daga rijiya. Tafiyarsa ta tsayar da ni. Gwiwar hagu ta karkata ciki, kamar mai gwame amma ƙafa ɗaya, kuma duk takun da ya yi sai kafaɗarsa ta faɗa gefe. Na sa aka ɗage masa wando. Ƙasa da gwiwa akwai wani ƙullutu mai tauri kamar dutse, ga wani ƙarami kusa da idon sawu.

Na ce, "Yaya, tun yaushe?"

"Ya daɗe. Ba ya ciwo da farko. Maɗori ya duba, ya ce ba karaya ba ce. Wanzami ya yi mashi tsaga."

"Tsaga? Ƙashi ne fa, Yaya. Ƙashi ake tsagawa?"

"To mi za ni yi, Garba? Na yi abin da na sani."

A raina na ce da a gidana yake da ba a kai haka ba. Wani mai sayen wakena daga Nijar ya taɓa gaya mini akwai asibiti bayan garin Maraɗi inda likitocin ƙashi suke duba yara. Sakkwato ta fi nisa, kuma kowa ya san halin da hanyarta take ciki. Na ce Maraɗi za mu. In faɗi gaskiya, da na ce "za mu", ni da yaron nake nufi. Na riga na tsara: kwanaki a hanya, ba Mamman, ba idon mutanen gida. Ranar tafiya sai ga babur ya tsaya a ƙofar gidana, yaron a tsakiya, Mamman a baya da tabarma da buta da ƙullin garin fura.

"Ina zuwa, Yaya?"

"Inda za ku. Wa za ya dama mashi fura? Kai?"

A tasha ba mu tashi ba sai da rana ta ɗaga, direbobin da suka yi sammako suka bugo waya cewa hanya lafiya. Haka tafiya ta koma yanzu a ƙasarmu. Na kama gaban mota duka, wurin mutum biyu, don yaron ya miƙe ƙafarsa kusa da ni. Na buɗe masa ƙofa. Ya dubi kujerar, ya dubi Mamman da ake cusawa baya tsakanin buhunan albasa, ya ce, "Baban Birni, ni wurin Baba za ni." Ya haye cinyar Mamman, ƙafar a lanƙwashe. Direba kuwa da ya ga wuri a banza, bai ko tambaye ni ba, ya tura mini wani tsohon Bafillace da ƙwaryar man shanu. Rana ta yi, man ya narke, duk ramin da muka faɗa sai ya ɗiga a babbar rigata. Tsohon yana ta cewa, "Albarka ce, Alhaji." Daga baya ina jin dariyar yaron, Mamman yana nuna masa raƙuma.

A iyaka aka sauke mu duka. Na saba zuwa kasuwannin bakin iyaka, amma ban taɓa wucewa ciki da niyyar kwana ba. Jandarman da ya karɓi katunanmu Bazabarme ne, dogo, baƙi wuluk. Yana ganin tsagar Gobir a fuskokinmu ya ajiye katunan ya riƙe ƙugu.

"A'a! Bayina ne suka zo gaishe ni? Ina goron ubangidanku?"

Mamman, wanda ban taɓa sanin yana da baki haka ba, ya ce, "Mun zo mu ga ko har yanzu kuna cin kopto, kwaɗon ganyen nan naku, ba gishiri, mu taimaka muku."

Jandarma ya yi dariya har hularsa ta goce. Zabarmawa abokan wasanmu ne, ko bindiga ce a hannunsu sai an taɓa. Ya dubi yaron ya ce, "Ɗan wane ne?"

Bakina ya motsa, amma kunyar ɗan fari ta riƙe shi. Mamman ya ce, "Nawa ne."

"Ai ba sai ka faɗa ba, ga kama nan har kunne." Sannan ya nuna ni da haɓa. "Wannan mai ƙamshin man shanun fa? Ɗan rakiya?"

Na ce, "Ni ƙanensa ne."

Ni na biya mota, ni na san asibitin, ni na canja sefa. Ɗan rakiya. 

Mun wuce Tsibiri, inda su ma Gobirawa ne irinmu, har Mamman ya so a tsaya ya nemi wasu dangin kakarmu da ba wanda ya san sunansu. Muka shiga Maraɗi bayan azahar. Abu na farko da ya ba ni mamaki, garin ya yi tsit. Ofisoshi a rufe, wasu shaguna ma haka. Na tambaya ko rasuwa aka yi, aka ce a'a, hutun rana ne, sai ta yi sanyi su buɗe. Na ce da a Sabon Birni ne na rufe rumfa da tsakar rana na je na kwanta, kafin in dawo maƙwabcina ya kwashe masu sayena har da zuriyarsu. Hausarsu tamu ce sak, sai dai suna yayyafa mata Faransanci. Makaranta lakwal, likita lokotoro, kowane mai wando mushe. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa yana yanka dasashi. Mamman ya gutsira sau ɗaya ya ce wannan sai dai a kore akuya da shi.

Mun sauka gidan mai sayen wakena, Alhaji Sani, ya ba mu shagon zaure. Aka kawo dambu da zogale, da shinkafa da miyar da mai ya yi mata yawa. Da la'asar na fita ni kaɗai na sayo wa yaron kilishi da takalmi sabo, irin mai maɗauri. Na miƙa masa. Ya durƙusa ya karɓa hannu biyu, ya ce, "Na gode, Baban Birni." Sannan ya kai kilishin gaban Mamman, bai taɓa ba sai da Mamman ya yaga ya ba shi. Takalmin kuma ya riƙe a ƙirji ya ce, "Baba, in sa?" Tarbiyya ce mai kyau, ban musa ba. Amma irin ladabin da ake yi wa baƙo ne, kuma ni na san shi, don ina yi wa manyan masu saye.

Asibitin yana wajen gari. Masu jinya suna zaune ƙarƙashin bishiyoyi da tukwanensu, kowa ya kafa murhu, kamar ƙaramar kasuwa. Muka shimfiɗa tabarma kusa da wani Buzu da ya kawo 'yarsa da aka haifa da tafin ƙafa a murɗe. Ya dafa mana shayi mai ɗaci, ya ce sun zo sau da yawa, yanzu tana gudu. A can ba a tsallake layi. Na gwada abin da na saba, na matsa kusa da mai kiran suna na gaishe shi da kyau na tambayi iyali. Ya amsa da kyau shi ma, ya nuna mini ƙarshen benci.

Aka ɗauki hoton ƙafafun, aka shigar da mu wurin likita. Mace ce, Badamagariya, ba ta da tsawo, ba ta kuma da ɓata lokaci. Ta ɗaga hoton a haske ta fara tambaya. Yaushe aka fara ganin ƙullutun? Yana tashinsa daga barci? Yana faɗuwa in ya yi gudu? Akwai wani a wani wuri? Mamman yana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Ya san damina ta nawa, ya san in yaron ya daɗe a tsugune sai ƙafar ta yi sanyi, ya san akwai wani ƙarami a haƙarƙari wanda ni ban ma san da shi ba. Ina tsaye da jakar takardu kamar yaron mota.

Ta ce mu kwantar da hankali, ba ciwon daji ba ne. Tsiron ƙashi ne. Ta nuna mana a hoton: ƙashin yaro daga bakinsa yake ƙara tsawo, kusa da gaɓa, kuma nan ne tsiron yake fitowa. In ya fito a gefe ɗaya sai ya hana ƙashin tsawo daidai, wani gefe ya yi gaba wani ya tsaya, ƙafa ta karkace ko ta gajarta. Yana girma muddin yaro yana girma, in ya gama tsawo shi ma yakan tsaya. Wanda ba ya damun kowa a bar shi. Na gwiwar nan kuwa za su cire, su sa ɗan ƙarfe a gefen da ya yi gaba ya riƙe shi, har ɗayan ya kamo. Ƙafar da kanta za ta miƙe a hankali yayin da yake girma.

Sannan ta ce, "In ya fito da yawa haka, galibi gado ne. Akwai mai irinsa a gida?"

Mamman ya ce babu. Ta sa ya ɗage wando, ta latsa gwiwoyinsa da ƙwaurinsa. Sumul.

"Uwarsa fa?"

Ban jira a amsa mata ba. Na san abin da ke ƙarƙashin wandona. Tun ina yaro ina da ƙullutu sama da gwiwar dama, da wani a kafaɗa. Ban taɓa nuna wa kowa ba, na ɗauka dako ne ya bar mini. Na ajiye jakar, na naɗe wandon. Ta latsa, ta latsa kafaɗar, ta dube ni, ta dubi Mamman.

"To, wane ne uban a cikinku?"

Mamman ya ce, "Shi ya haife shi. Ni na riƙe."

"Ai ga shi nan a rubuce a ƙashi. Daga wurinka ya samo, Alhaji. Kai naka bai taɓa maka tafiya ba, shi nasa ya faɗo a mugun wuri."

Ga abin da ba na faɗi a kasuwa. An gaya mini ni ne sanadin karkacewar ƙafar ɗana, kuma abin da na fara ji daɗi ne. Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Mamman yana da furarsa da cinyarsa da kunnen da jandarma ya gani, amma wannan ba shi da shi. Yaron ya sauko daga gadon, ya ɗingiso, ya sa yatsa a kan ƙullutuna.

"Baban Birni, naka na ciwo?"

"Ba ya yi."

"Kai ma za a yanke maka?"

"A'a, ni na tsufa. Kai za a gyara."

Ya ƙara latsawa, ya yi murmushi. Tun da aka yaye shi hannunsa bai taɓa jikina ba sai ranar.

Ranar aikin, da aka fito da shi, ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce uban yaro ya shigo, mutum ɗaya. Na miƙe kafin Mamman ya gama neman takalminsa. Yaron yana farkawa, ƙafar a naɗe, leɓensa a bushe. Ya buɗe ido ya gan ni. Na ga ciwon ya taso masa, na ga ya cije leɓe ya haɗiye. Na ce, "Sannu." Ya ce, "Yauwa." Na ce, "Da ciwo?" Ya ce, "Kaɗan." Muka zauna haka, yana kallon ƙofa. Da aka bar Mamman ya shigo, tun bai ƙaraso gadon ba yaron ya fashe da kuka, irin kukan da ake yi da dukan jiki. A gabana ko kuka ba ya iya yi.

Kafin a sallame mu likita ta ja mana kunne. Dole ya riƙa taka ƙafar, kada a bar shi kwance. Dole kuma a riƙa dawo da shi ana ɗaukar hoto, don in ƙafar ta miƙe aka bar ƙarfen, za ta wuce ta karkata ɗaya gefen. Ina jin haka kaina ya fara aiki kamar ina gaban mai kaya. Da muka fito ƙarƙashin bishiya na zauna kusa da Mamman.

"Yaya, ka ji abin da ta ce. Tozai ta yi nisa. Hanyar daji ce, babur ne, wata rana a wuce wata rana ba a wucewa. In damina ta sauka kuma kana gona. Birni kuwa mota na tashi kullum. Ga mai wankin ciwo kusa da gidana."

Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Haka ake ciniki mai kyau, ba a sa ƙarya ciki. Mamman ya daɗe yana kallon ƙasa, yana tona ta da tsinke.

"In don ƙafar ne, ka riƙe shi."

"Don ƙafar ne."

"To."

Na sha ƙulla ciniki, ban taɓa samun mai sauƙin wannan ba. Kuma duk ɗan kasuwa ya san in kaya suka zo da sauƙi haka, sai ka sake duba buhun.

Dawowa ba abin faɗi sosai. Jandarman nan ba ya bakin aiki. Taya ta fashe mana kusa da iyaka, muka yi zaman jira a inuwar wata bagaruwa, wata mai tallar nono ta ba yaron kyauta don ta ga sandunan da yake dogarawa. A tashar Sabon Birni Mamman ya tsuguna ya yi masa magana a kunne, ya hau babur bai waiwayo ba. Yaron bai yi kuka ba. Ya bi ni gida.

Na ba shi ɗaki da katifa. Uwarsa, ita ma da tata kunyar, tana dafa abin da ta ji an ce yana so ta aiko ƙannensa su kai masa. Ƙannen suna ce masa ɗan Tozai. Yana ci, yana godiya, yana gaishe ni safe da yamma. Amma ƙafar ya ƙi takawa. In na ce tashi, sai ya tashi a kan sanduna, ƙafar a rataye. Na yi lallashi, na yi alkawarin keke, ranar nan har na ɗaga murya. Ya ce, "To, Baban Birni," ya sa yatsun a ƙasa ya janye. Mai wankin ciwo ya ce ciwon ya warke sarai, amma in ya ci gaba da haka gwiwar za ta sandare. Kullum da hantsi sai ya ja jiki zuwa dakalin ƙofar gida, yana kallon baburan da ke shigowa daga hanyar garin Isa, wadda 'yan Tozai ke bi.

Ranar kasuwa ta biyu sai ga Mamman, ya kawo wake ɗan kaɗan wai zai sayar. Waken da bai kai a hau babur dominsa ba. Ina tsaye a zaure. Ya sauka daga nesa, bai ƙaraso ba, ya tsaya tsakiyar hanya ya ce, "Kai, Magaji, haka ake tarbar mutane a birni? A zaune?"

Yaron ya miƙe. Sanda ɗaya ta faɗi, bai ɗauka ba. Ya taka ƙafar, ya yamutsa fuska, ya sake takawa. Mamman bai matso ko taki ɗaya ba, yana cewa, "Taho dai, raggo. Ɗan akuyarka ma ya fi ka sauri." Har ya isa ya faɗa jikinsa.

Na koma cikin zaure na zauna. Ni mutum ne mai lissafi, kuma wannan lissafin ba shi da wuya. In na riƙe shi, ina da yaro a gidana da ƙafa sandararriya. In na sake shi, yana da ƙafa. Na so a ce akwai hanya ta uku, na juya ta ko'ina, babu.

Da suka shigo na ce, "Yaya, ka tafi da shi. Amma da sharaɗi. Ranar komawa asibiti, ko ana ruwan ƙanƙara, ka kawo mini shi nan. Kuma ni za ni kai shi. Ni kaɗai. Kai ka tsaya gonarka."

Mamman ya ce, "Ya yi. Hakkinka ne."

Masu tambaya, ƙafar tana miƙewa, an ce har yana bin awaki. Kishin kuwa bai tafi ba, kada wani ya ɗauka na zama waliyyi. Har yanzu in na ji ya ce Baba ba da ni yake ba, sai raina ya sosu.

Lokacin komawa ya yi a makon jiya. Mamman ya kawo shi tun da safe kamar yadda muka yi, ba tabarma, ba buta, ya tsaya daga gefe zai juya. Muna bakin mota, yaron ya kama hannun rigata, ya ɗago kai.

"Baban Birni, da Baba za mu?"

Na dubi Mamman, yana ta gyaran igiyar babur da ba abin da ya same ta. Na dubi hannun da ke riƙe da rigata.

Na ce, "Da shi."

Na ce wa direba ya ba mu baya, wurin mutum uku.